Ni da Dogo da Tsohuwar Jita

Tun ranar da na bi ta Karmo na tarar an baje tsohon kantin leburori, inda muke cin abinci a da, zama ya gagare ni. Ba wani gini ba ne na a zo a gani, rumfar kwano ce mai faɗi da ta daɗe da komawa ma'ajiyar buhunan gawayi. Amma a ƙarƙashinta na fara riƙe jita a gaban jama'a, kuma muddin tana tsaye ina jin kamar ƙuruciyata na jingine a wani lungu, duk ranar da na ga dama sai in je in ɗauko. Yanzu fili ne fetal, an kewaye shi da langa-langa. Na dawo gida na kasa cin abinci. In zauna a falo, in tashi in leƙa bakin ƙofa, in dawo in kunna rediyo, in kashe. 'Yata, wadda nake zaune a gidanta tun da na yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata kuma mahaifiyarta ta rasu, ta gaji da wannan zirga-zirga tawa, sai ta miƙo mini wayarta. Wasu tsofaffin Turawa ne a kan dandamali, kai fari fat, wuya ya yamutse, kowanne rataye da jita, jama'a a gabansu kamar ƙasa. Ta ce, "Baba, ga sa'o'inka nan ba su ajiye ba. Wai da gaske hannunsu na nan kamar da, ko dai tausayinsu ake ji?" Na kalla har ƙarshe. Na ga abin da ita ba ta gani ba: an sassauto da waƙar ƙasa don muryar tsohon ta kai, kuma akwai wani matashi can baya a tsaye, shi yake ɗaukar wuraren gudu. Amma na kuma ga lokacin da tsohon ya taɓa tsirkiya guda ya bar ta tana rawa, tsigar jikina ta tashi. Na ce mata, "Sun ragu, kuma ba su ragu ba." Ta yi dariya ta ce wannan ai ba amsa ba ce. Gaskiyarta.

Lokacin da na zo garin nan ba gari ba ne tukuna. A bayan babbar mota na iso daga ƙauyenmu, da tabarma da shebur, da maganar mahaifina a kunne. Shi manomi ne, ya taɓa kama ni ina yaro na ɗaura wa gwangwani tsirkiya ina kaɗawa, bai manta ba. Da zan taho ya ce, "Je ka nemi halaliyarka, amma ka tuna a gidan nan ba a gaji roƙo ba." A wurinsa duk mai kiɗa maroƙi ne. Abin da na tarar a nan kuwa duk kiɗa ne. Da an idar da asuba injin kwaɓa kankare zai fara gurnani, tipa ta juye yashi da wani dogon shuuu, can a gindin dutse a busa usur, kowa ya tsaya cak, sai nakiya ta tashi ƙasa ta girgiza. Matan Gbagyi na wucewa a jere da itace a kafaɗa suna waƙa ƙasa-ƙasa. Da hantsi masu abinci su hau dakan sakwara, taɓarya na amsa wa taɓarya. Mutum zai ji harsuna iri-iri a layin famfo guda, duk a ƙarshe a haɗu a wata Hausa mai karyayyen baya da kowa ke ganewa. Yau in na tsaya a bakin titi, jiniya nake ji da kukan janareta. Yaran da ke wucewa kowa ya toshe kunnensa da abin jin kiɗa, yana gyaɗa kai shi kaɗai, ba ka san abin da yake ji ba, shi ma bai damu ka sani ba.

A kamfanin da nake lebura akwai wani dattijo mai gyaran janareta. Oga muke ce masa, ban taɓa jin wanda ya kira sunansa na yanka ba. A zamaninsa ya yi kiɗa a otal-otal na Jos da Kaduna, har Legas ya zauna, sai da ƙarfi ya fara ja baya ya koma ga sifana. Yana da garmaho da wasu fayafayan baƙaƙen Amurka da yake ajiyewa a nannaɗe cikin zanen matarsa. Ranar da ya fara ce mini in zo in ji bulus, na ɗauka wani abokinsa Kirista ne zai gabatar mini, ashe sunan wani salon kiɗa ne. Ya ɗora faifan, allura ta yi ƙaraf-ƙaraf, sai ga wani mutum yana kuka da jita kamar wanda aka yi wa rasuwa. Oga ya ce, "Saurara da kyau. Wannan ba goge kake ji ba? Daga nan aka kwashi kakanninsu, da kukan suka tafi, ga shi ya dawo mana a faifai." Daga ranar na zama nasa. Mu 'yan ƙalilan ne ya tara, muna kiɗa a kantin nan ranar Lahadi da rana, ranar da ba a aiki. Mai ganga wani ɗan Gbagyi ne daga wajen Kwali, dogo siriri, muna ce masa Dogo. Rabin gangunansa na kanti ne, rabi shi ya haɗa da yankakken durom da fatar akuya.

Kiɗan a lokacin wahalarsa ta fi daɗinsa tsawo. Tsirkiya ba ta samuwa, in ta dakushe sai mu dafa ta a gwangwani dattin ya fita, mu shanya, mu mayar. In ta tsinke mu je wurin mai gyaran keke mu warware wayar birki. Batirin mota ke ba lasifikarmu wuta, ni ke ɗaukarsa a ka in kai caji, ruwan batir ya cinye mini riguna ba adadi. Lasifikar kanta a baro muke turo ta, tana tsalle a kan burji. Yatsuna suka fashe, suka warke, suka yi kanta har ina iya ɗaukar garwashi in kunna wa mutum taba. Mu samarin, kiɗan rok muka fi so, mai gudu da ƙara. Mun tara suma, mun ɗinka wando mai faɗin ƙafa, muna ganin duk wanda bai iya zuba tsirkiya kamar ruwan sama ba bai iya komai ba. Oga kuwa kullum maganarsa guda: "Ku bar wa shiru gurbinsa, shi ma ɗan ƙungiya ne." In ya juya baya mu ƙyafta wa juna ido. Mun san gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, mun ɗauka don ba ya iya gudu ne yake yabon tafiyar hawainiya. Kuma ba mu yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau ya faru ne ranar da kamfani ya gama wata babbar gada. Aka yanka shanu, aka kafa rumfuna da rana tsaka, manya suka zo suka yi jawabi. Aka kuma ɗauko wata ƙungiyar kiɗa takanas daga Legas, mu aka ce mu biyo bayansu. Mai jitarsu sa'ana ne, amma da ya fara sai na ji kamar in nutse. Yatsunsa ba a ganinsu. Ya kaɗa a tsaye, ya kaɗa a durƙushe, ya ɗaga jitar bayan ƙeya ya ci gaba. Damina ce, an kwana ana ruwa, sanyi ya shiga hannun Oga har maɓallin rigarsa sai da na sa masa da safe. Dogo ya matsa kusa da shi ya ce, "Oga, bari wannan yaro ya riƙe gaba yau, kai ka huta." Ni yake nufi. Oga ya miƙe. Ya ɗauki kwalbar lemo, ya fasa wuyanta da dutse, ya tsuguna a gefen sabon kankaren ya yi ta goga bakin har ya daina yanka. Ya zura wuyan a yatsa, ya sassauta wasu tsirkiyoyin, ya hau dandamali.

Bai danna tsirkiya ko sau ɗaya ba, wuyan kwalbar kawai yake ja a kansu a hankali. Sautin da ya fito kamar mace ce ke kiran ɗanta daga ƙetaren kogi, ta kira, ta saurara, ta sake kira. Ana cikin aikin gadar nan ƙasa ta taɓa ruftawa da wasu leburori a rami, kuma duk jawaban da aka yi ranar ba wanda ya ambace su. Shi ma Oga bai ambace su ba, bai ma buɗe baki ba. Amma na ga cokula suna sauka. Wani lebura ɗan ƙabilar Tibi da ƙanensa ke cikin waɗanda suka mutu ya ajiye kwanonsa a ƙasa, ya tuɓe hularsa ya rufe fuska da ita. Da aka gama ba a yi tafi nan da nan ba. Muna tura baro a hanyar komawa na ce, "Oga, yau ka nuna musu." Ya tsaya ya dube ni, ransa a ɓace. Ya ce, "Na nuna musu me? Yaron Legas ɗin nan ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Da ina da yatsuna na da, da gudun zan bi shi, kuma in wuce shi. Abin da ya rage mini na ba su. Kai ma ranarka na tafe, gara ka fara tara abin da zai rage." Na ji maganar, amma irin jin da saurayi ke yi wa zancen tsufa, kamar labarin wata ƙasa da ba zai taɓa zuwa ba.

Daga baya Oga ya koma garinsu, labarin rasuwarsa ma sai da ya kwana biyu ya iso mu. Kamfani ya naɗe kayansa. Na koyi mota, na samu tuƙi a ma'aikata, na yi aure ba tare da surukaina sun san na taɓa hawa dandamali ba. Dogo ya koma noma. Jitar ta shige ƙarƙashin gado, sai jefi-jefi in gidan ba kowa in jawo ta in share mata ƙura.

Ashe 'yata ba ta bar zancen a kan waya ba. Akwai wata abokiyar aikinta da ƙanenta ke da ƙungiyar kiɗa, suna yi a wani lambun shaƙatawa a Wuse duk Lahadi da yamma. Sai ga shi ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, mun ji labarinku. Don Allah ku zo ku yi mana irin na da, mu a faifai kawai muke jinsa." Bakina ya amsa kafin hankalina ya iso. Da ya tafi na jawo jitar, a nan na san abin da na ɗauko wa kaina. Kantar ta tafi, tsirkiya na shiga tsokar yatsa kamar reza. Ƙaramin yatsana ya ƙi miƙewa sam. Kaina ya san hanya sarai, ya san inda za a karya kwana, amma hannun sai ya iso a makare, kamar direban da maigidansa ya gama shiri yana jiransa a bakin ƙofa. Waƙoƙin da na yi ta rerawa ba adadi, sai in kai tsakiya in tarar da rami. Kullum da safe in jiƙa hannu a ruwan ɗumi, in shafa man zafi, in zauna in yi ta maimaita abin da a da nake yi ina hira. Na je gwaji da yaran sau ɗaya. Suna da ladabi, sun kuma iya, amma bugunsu daga na'ura yake fitowa, ita kuwa na'ura ba ta san ta jira dattijo ba. Na dawo na ce wa 'yata in ba Dogo, ba ni.

Na hau motar Abaji na sauka a Yangoji. A gonar doya na same shi, ya ranƙwafa, tsawon nan duk ya taru a gadon baya. Ya daɗe yana kallona kafin ya jefar da fartanya. Muka zauna a gindin mangwaro, matarsa ta kawo ruwa, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Babban ɗansa na tsaye, shi ya riga shi magana. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma kada ku kai mana tsoho cikin gari a ɗauke shi a waya ana dariya. Yanzu abu kaɗan ne sai duniya ta gani." Tsoron da ke hana ni sukuni ke nan. Ni ma ina da 'ya mai aiki a ofis, mai mutunci a idon abokan aikinta. Dogo ya kurɓi ruwa ya ce da irin Hausarsa, "Dariya ba ya kashe mutum. Zama ne yana kashe mutum. Kawo mini bokiti." Aka kawo bokiti da wani tsohon faranti, ya karyo 'yan sanduna a jikin bishiya. Wuyan hannunsa ya ƙage, fartanya ta mayar da tafinsa kamar katako, sandar ma sau da yawa tana suɓucewa. Amma da ya sauke bugun farko a kan bokitin, na ji kamar na daɗe ina tafiya a kan yashi sai yau na taka ƙasa mai tauri.

Ranar Lahadin muka isa lambun bayan la'asar. Kujerun roba, hayaƙin gasasshen kifi, yara na guje-guje. 'Yata na gaba da mutanen ofishinsu. Ɗan Dogo ya biyo mu, ya tsaya can baya ya harɗe hannu. Aka ba Dogo ganguna masu ƙyalli irin waɗanda bai taɓa zama a bayansu ba, aka sa mini jitata a wata lasifika da ta fi ni tsawo. Sai shaiɗan ya raya mini in fara da mai gudun, wadda a da nake tayar da kantin leburori da ita. Farkon ya tafi daidai. Muna kaiwa tsakiya hannuna ya ɗaure tamau, yatsun suka lanƙwashe suka ƙi buɗewa, waƙar kuma ta fice mini daga kai gaba ɗaya. Na tsaya da jita a rataye ba sauti. Na ji wani ya yi dariya. Na ga wayoyi a sama. Zufa ta karyo mini har cikin ido, ban yarda na dubi inda 'yata take ba. Gangar ce kawai ba ta tsaya ba. Ta yi ƙasa, ta rage gudu, tana tafiya a hankali kamar mai riƙe wa mutum ƙofa. Na yarfe hannun, na lalubo wata gaɓa da na tuna, na shiga, muka lallaɓa muka kai ta ƙarshe.

Ta biyun na sauko daga dokin girman kai. Na ɗauko bulus mai tafiyar raƙumi, na zubar da rabin abin da nake cusawa a cikinta a da, na bar ƙaramin yatsa ya yi zamansa. Muryata ba ta hawa sama yanzu, sai na bar ta a ƙasa inda take, da tsatsarta. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, da mu na da za su ji mu na yau, da sun ce tsofaffin nan su sauka su ba mutane wuri. Gudu ya tafi, numfashi ya gajarta, kuma babu gwajin da zai dawo da su. Amma akwai wani abu da ban da shi a da: na san daidai inda zan sa sauti guda ya zauna, na san tsawon da zan bar shi, kuma ba na jin kunyar jira. Wasu sun ci gaba da cin kifinsu. Wani dattijo mai farin kaftani ya miƙe shi kaɗai a tsakanin kujeru, ya lumshe ido yana taka rawa a hankali. Yaron da ya gayyace mu ya matso gefena ya tsuguna yana kallon hannuna. Da muka sauka 'yata ta karɓi jitar ta rungume ta. Ɗan Dogo ya zo ya ɗauki hular ubansa da ta faɗi, ya kaɗe ta, ya sa masa.

Ni na tuƙa su a motar 'yata zuwa tasha kafin magariba, Dogo na gefena. Na ce, "Yau ka rufa mini asiri. Amma faɗa mini gaskiya, yaya ka ji jitar? Ta yi kama da ta da?"

Ya juyo da kunnensa na dama wajena, na maimaita. Ya ce, "Ban ji ba."

Na ce, "Cewa na yi, yaya ka ji jitar?"

Ya ce, "Na ji tambaya. Jita ne ban ji ba. Kunnen nan ya daɗe da lalacewa. Magana kusa-kusa ina ji, amma in babban lasifika ya tashi, komai yana zama guuu kamar injin niƙa. Tun da muka hau har muka sauka, ko tsirkiya ɗaya ban ji ba."

Na rage gudu na gangara gefen titi na tsaya. Na ce, "To da me ka bi ni?"

Ya ce, "Ƙafarka. Tun muna samari kana buga diddige in kana kiɗa, kai ba ka sani ba. Shi nake kallo. Da ya tsaya na san ka ɓata, sai na rage hannu na jira ka dawo."

Ɗansa a kujerar baya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na riƙe sitiyari, motoci na wuce mu suna hon. Dogo ya dafa gwiwata da wannan hannu nasa mai kama da katako, ya ce, "Ba ku ne Hausawa kuna cewa gani ya kori ji ba? Ja mota, kada na rasa na Abaji. In an gama haƙar doya ka zo ka ɗauke ni. Amma ka bar wancan mai gudu, ƙafarka ma ba ya iya shi."